Ɗaurin Jijiya a Doha

Ejan ɗin da ya turo ni Qatar ya ce tuƙi zan yi: mota mai sanyi, in kai 'ya'yan Balarabe makaranta in dawo da su, sauran yinin nawa ne. Da na sauka Doha sai aka miƙo mini shuɗiyar riga da hula da usur, aka ajiye ni a ƙofar wani gini da ba a gama ba a Lusail. Na tambayi mudir, wato shugaban aikinmu, ina motar. Ya nuna mini tirelolin da ke shigo da siminti, ya ce aikina in ɗaga musu ƙarfe su wuce. Tuƙin ke nan. Na kira ejan, lamba ta ƙi shiga, kuma har yau da nake wannan magana ba ta shiga ba. Tun daga ranar na ɗaura wa kaina ɗamara: duk maganar da aka faɗa mini a ƙasar nan sai na juya ta na duba bayanta.

Sunana Rabi'u, mutumin Bakori ne ni. Na baro amaryata Balaraba a gidanmu ko lallen ƙafarta bai gama gogewa ba, da alkawarin in shekara ta zagayo zan zo hutu. Shekara ba ta zagayo ba sai ga korona. Aka rufe filayen jirgi, aka rufe mu a masauki, mu da yawa a ɗaki guda, gado bisa gado. Duk Juma'a in na kira gida Inna sai ta lissafa mini sa'annina da aka yi wa suna, ta ce wane ma ɗansa ya fara rarrafe. Balaraba ba ta taɓa cewa uffan a kan wannan ba, amma ƙanwata ta gaya mini ta daina zuwa gidajen suna saboda tambayar mata. Ni kuwa ba kuɗin Qatar ne a gabana ba kamar in koma in ga Balaraba da goyo. Abin da nake kwana da shi nake tashi da shi ke nan.

A gadon da ke ƙarƙashin nawa akwai Malam Tanimu, dattijo ɗan Kontagora wanda ya daɗe yana yawon ƙasashen Larabawa. Mutumin kirki ne ta wajen abin hannu. Shi ya koya mini inda ake samun garin masara a unguwar Muntazah, shi ya dafa mini kunu lokacin da koronar ta kayar da ni, yana tura mini kofin da sandar mofa don kada ya matso. Amma bakinsa ba ya fitar da labarin alheri. A wajensa duk baƙin da ya shiga asibiti a ƙasashen nan ba ya fitowa cikakke: wani an cire masa ƙoda, wani an zuƙe masa jini, wani an kashe masa iri. Bai taɓa ganin ko ɗaya da idonsa ba, kullum wani ne ya gaya wa wani. Da aka kawo allurar rigakafin korona ya yi ta fama cewa ta hana haihuwa ce, amma da aka ce wanda wayarsa ba ta nuna koren alamar ya yi allurar ba ba zai shiga motar aiki ba, shi ne na gaba a layi. Na yi masa dariya a lokacin. Sai dai magana in ana ta zuba maka ita safe da yamma, ko ba ka ɗauka ba tana samun inda za ta maƙale.

Bayan na warke daga korona sai wani abu ya same ni. Ina tsaye haka kawai, ban yi gudu ba, ban ji tsoro ba, sai zuciyata ta ɗauki gudu kamar injin markaɗe da aka ƙure wa wuta. Idona ya yi duhu, gumi ya karyo, can kuma ta koma daidai kamar ba ita ba. Na ɓoye, don na san kafil, wanda takardun zamana ke hannunsa, ba ya riƙe ma'aikaci mai faɗuwa. Na sha tafarnuwa, na sha habbatus sauda, na sha rubutun da Malam Tanimu ya yi mini. Ana haka aka maida ni ƙofar wani otal a nan Lusail, Gasar Kofin Duniya ta matso, aka hana kowa hutu, aka ƙara mana tsayuwa. Wata rana da hantsi na ɗaga wa wata mota ƙarfe, abin da na sani ke nan. Na farka a motar asibiti da roba a hanci.

Aka yi ta aune-aune, aka ba ni ƙwayoyi, abin ya lafa ya dawo. Daga baya suka sa mini ranar da zan koma a yi mini aiki. Ni kaɗai na je, don lokacin ba a barin ɗan rakiya. Suka karɓe kayana suka ba ni wata riga mai tsaga ta baya, wadda ko mahaukacin kasuwa ba zai yarda ya sa ba. Likitan zuciyar, wani farin Balarabe mai furfura, ya zo yana bayani da Turanci. To ni Turancina na bakin ƙofa ne, tsaya, wuce, kawo kati. Da ya ga ina ta gyaɗa kai ba tare da na gane ba sai ya sa aka kira wani mai gadin asibitin da aka ce yana jin yarena.

Sunansa Awudu, ɗan Zangon Kumasi ne, ƙato mai fara'a. Na ji sanyi da na ji sallamarsa. Ya saurari likita, ya juyo ya ce da ni da Hausarsu ta Gana wai akwai wata waya a zuciyata da take taɓa inda bai kamata ba, za su ƙona ta. Na ce to, ƙirjin za a tsaga ke nan? Ya ce a'a. Ya nuna gindin cinyarsa ta dama, dab da mara.

"Ta nan za su shiga, ɗan'uwa. In sun gama su ɗaure maka jijiya, shi ke nan, ka huta."

Wallahi sai da na ji ɗakin ya juya. Ciwo a ƙirji, me ya kai su gindin cinya? Sannan a ɗaure jijiya, sannan in huta! Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san me ake nufi in an ce an ɗaure namiji, ya kuma san matan da ake cewa an ɗaure musu mahaifa a asibiti don su huta. Biri ya yi kama da mutum. Duk labaran Malam Tanimu suka taso mini a lokaci guda, na tuna Balaraba tana zaune a ɗaki ana buɗa a maƙwabta. Na sauko daga gadon, hannu ɗaya na riƙe da tsagar rigar ta baya, na ce a ba ni wandona. Likita yana cewa mene ne, Awudu yana cewa ɗan'uwa lafiya, ni kuwa ba abin da nake maimaitawa sai khalas, khalas, na fasa. Na gwammace zuciyar ta kashe ni a bakin ƙofar otal.

Suka ce in zauna, akwai wata likita 'yar ƙasarmu a sashen allurar barci, za a kira ta. Na zauna a bakin gado, amma ban saki takalmina ba. Sai ga wata mata ta shigo da takunkumi da hular aiki a kan ɗankwali, ta yi sallama da Hausar Zariya tsantsa, ta ce sunanta Dakta Hadiza. Ta tambaye ni garinmu, ta ce ai ta sha wucewa ta Bakori in sun bar Funtuwa. Maimakon in ji daɗi sai na ji kunya ta rufe ni. Da namiji ne da na faɗa masa damuwata kai tsaye. Mace, Bahaushiya, sa'ar yayata, ta ina zan fara?

Ta jawo kujera ta zauna, ba ta yi gaggawa ba. Ta ce a gindin cinya akwai babbar jijiyar da ke maida jini zuciya, mai faɗi ce kuma miƙaƙƙiya, shi ya sa ake zura siraran wayoyi ta cikinta har su isa zuciya ba tare da an tsaga ƙirji ba. Ta ce matsalar tana wajen fita. In an zare bututun da wayoyin suka bi, ana barin huda a jikin jijiyar, ga shi kuma za a ba ni maganin tsinka jini yayin aikin, saboda haka dole a rufe hudar, in ba haka ba jini zai yi ta zuba, ko waje ko cikin cinya. Na ce to yaya ake rufewa.

Ta ce hanya uku ce suke bi a nan. Ta dā ita ce mutum ya sa hannu ya danne wajen da ƙarfi har jini ya daskare, sannan in kwanta a miƙe ba motsi na tsawon lokaci, wani sa'in har da nauyi a kai. Akwai kuma wata 'yar na'ura da ke ajiye wani ɗan toshi a bakin hudar ta ciki, ya zauna can har jiki ya narkar da shi, ita ce ta fi saurin tada mutum. Ina jin haka na ce a'a, ba mai barin mini komai a cikin jiki. Ta ce to ta ukun ɗinki ne na waje: a soka allura da zare a fata ta ƙasan hudar da ta samanta, zaren ya gitta kamar lamba takwas ta boko, a ja a ƙulle, naman wajen ya tattaru ya matse jijiyar kamar yadda zariya ke tsuke ƙugun wando. Ita jijiyar ba a ɗinka ta. In jini ya tsaya sai a yanke zaren a zare shi.

Na tambaye ta ko zan iya ganin zaren da idona. Ta ce ƙwarai, a waje yake. Na ce in an cire za a ba ni abina? Ta dube ni ta saman takunkumi, ta ce ba a taɓa tambayarta wannan ba, amma za ta gaya musu. Sannan ta ce, Malam Rabi'u, me Awudu ya ce maka ne har ka nemi wando? Na sunkuyar da kai na maimaita mata maganarsa kamar yadda ya faɗa. Na ga idanunta sun ƙanƙance, ban sani ba ko dariya take dannewa ko tausayi.

"Jijiyar jini ce," in ji ta. "Jini kawai take ɗauka. Ba abin da ya haɗa ta da maganar iyali, ko kusa."

Na ce na gode, Likita. A raina kuwa na ce ai dama haka za ki ce, albashinsu kike ci. Ejan ma Bahaushe ne, har sallar Juma'a mun yi sahu ɗaya da shi. Abin da ya sa na koma kan gadon ba yarda ba ce. Lissafi na yi: in na fita, zuciyar za ta sake kayar da ni, kafil ya sa ni a jirgi, in koma gida da ciwo. In na tsaya, aƙalla na zaɓi ɗaurin da zan gani da idona, in kuma ga an kwance shi. Gani ya kori ji.

Ɗakin aikin sanyi kamar cikin firij. Suka aske wajen, suka shafa magani mai ruwan ƙasa, suka rufe ni da zannuwa. Dakta Hadiza na tsaye ta wajen kaina. Ta ce za ta ba ni abin da zai sa in yi lumshe-lumshe, na ce ta rage, ina so in san abin da ake yi da ni. Na yi ta kokawa da barci ina karanta duk addu'ar da na sani. Na ji ana taɓa cinyata, ban ji zafi ba. A wani allo na ga wasu baƙaƙen zaruruwa suna rawa, aka ce wai cikin zuciyata ne. Can na ji ɗumi a ƙirji, zuciyar ta zabura ta yi gudun nan nata, sannan ta tsaya cak ta koma tafiyar mutum mai hankali. Da suka zo ƙarshe na wartsake sarai, don nan ne nake jira. Na ji an ja fatar gindin cinyata an tattare ta, an ja kuma, an ƙulle. Na ce a raina, to Rabi'u, an ɗaure ka.

Suka maida ni ɗaki suka ce in kwanta rigingine, kada in lanƙwasa ƙafar dama, kada in ɗaga kai da ƙarfi, in tari ya zo in dafe wajen. Mai kula da ni wani nas ne ɗan Indiya, Kirista, siriri, ana ce masa Biju. Yana ta leƙowa yana ɗaga zane yana duba wajen, ya taɓa bayan ƙafata, ya ce gud, ya fita. Duk leƙowar da ya yi sai in ce me yake dubawa haka, ko so yake ya ga abin ya kama.

Bayan azahar Malam Tanimu ya kira ni a waya. Na ba shi labari tun daga Awudu har zuwa zaren. Ya yi salati ya sanar da Ubangiji, ya ce shi dama ya faɗa. Na ce ai likitar Bahaushiya ce, ta ce jijiyar jini ce. Ya ce jijiya dai jijiya ce, duk a haɗe suke, kuma a ina aka taɓa jin an yi maganin ƙirji a mara? Ya ce shi abin da ya sani, ɗauri in ya kwana ya kama, in da dabara in sassauta shi tun rana ba ta faɗi ba.

Har gobe ba na cewa hauka na yi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Na jira Biju ya fita, na yunƙura na tashi zaune, na naɗe gwiwa don in ga wajen da kyau. Na ɗaga filastar. Ga shi nan, wani baƙin zare ya tattare fatata ta yi tudu, da ƙulli a sama. Na sa farce na ɗan ja ƙullin. Ban ma kai ga sassauta shi sosai ba na ji wani ɗumi yana bin cinyata. Jini ne, baƙi-baƙi, ba ya tsartuwa, tahowa kawai yake ba tsayawa, zanen gadon yana sha. Nan take tsoron rashin haihuwa ya gudu, tsoron mutuwa ya zo ya zauna a wajensa. Na danna ƙararrawar da suka ba ni, na haɗa da ihu.

Biju ya shigo da gudu. Bai tambaye ni komai ba. Ya tura ni na kwanta, ya dunƙule hannu ya danna gindin cinyata, ya sa duk nauyinsa a kai. Ban san siririn mutum na da ƙarfi haka ba, sai da na ga taurari. Likita ya zo ya duba, ya ce a ci gaba da dannawa, in ya tsaya a gyara ƙullin. Haka Biju ya tsaya a kaina, gumi na ɗiga daga goshinsa cikin wannan sanyi, in hannu ɗaya ya gaji ya ɗora ɗayan ba tare da ya ɗaga ba. Na jira ya zage ni, bai zage ni ba. Da guntun Larabci da guntun Turanci ya tambaye ni ko ina da yara. Na ce babu tukuna. Ya ce shi yana da 'ya mace, an haife ta lokacin kulle, bai taɓa ɗaukarta ba sai a waya. Ya ce in kwanta lafiya in je in samo nawa. Cikin hanyoyi ukun da Dakta Hadiza ta lissafa mini, na ɗanɗana biyu a yini ɗaya, kuma ta hannun ta fi ciwo nesa ba kusa ba.

Da jinin ya tsaya aka canza zanen, na ce masa la'asar na neman wuce ni. Ya fita ya dawo da wani ɗan akwati mai ƙasa a ciki na taimama, ya riƙe mini shi a kan ƙirji na buga hannu, ya nuna mini alamar alƙibla a silin. Na yi sallata a kwance da ishara. Shi kuwa ya tsaya a bakin ƙofa yana tsaron ƙafata kada in manta in yi ruku'u da ita.

Washegari da safe ya zo da ɗan almakashi. Na ce ya ɗaga mini kan gado kaɗan in gani. Ƙit, ya yanke, ya zare, fatar ta saki ta kwanta, ba jini. Ya nufi kwandon shara da shi, na riƙe masa riga. Ashe Dakta Hadiza ta gaya masa, shi ne ya manta. Ya wanke zaren, ya sa a 'yar leda ya miƙo mini yana girgiza kai. Mu ko aski aka yi mana ba ma barin gashi a hannun baƙo, balle abin da ya kwana a jikina.

Na kai wa Malam Tanimu ya gani. Ya juya ledar a gaban fitila, ya ce to wannan wanda aka nuna maka ke nan, wanda ba a nuna maka ba fa? Na ji kamar in shaƙe shi, amma maganar ta shiga. Ga shi cinyar ta yi wani baƙin tabo da ya bazu har kusan gwiwa. An gaya mini a asibiti jinin da ya kwanta ne, zai washe, kuma ya washe, amma kafin nan kullum sai na duba shi a banɗaki ina ƙiyasta abin da ya lalace a ciki. An hana ni tsuguno da ɗaukar kaya na 'yan kwanaki. Ni na ƙara wa kaina watanni, ko gaisuwa zan yi wa babba sai dai in ranƙwafa, sallah kuwa ina sujada ina lallaɓa ƙafar dama kamar ta aro.

Wata Juma'a na ci karo da Awudu a wani gidan abinci a Muntazah inda 'yan Afirka ke taruwa. Na ce masa kai, ka san ka kusa kashe ni da bakinka? Da na yi masa bayani ya yi dariya har ya ƙware da shinkafa. Da ya sha ruwa ya ce to ɗan'uwa me zan ce, jijiya ce, kuma ɗaurewa suka yi. Gaskiyarsa. Ta jini jijiya, ta wuya jijiya, ta agara jijiya, waccan ma jijiya. Bahaushe ya tara su duka ya ba su suna ɗaya, ya bar ni da wahala a ƙasar mutane.

Gasar ta zo ta cika garin. Mutane kala-kala da fenti a fuska suna waƙa har cikin jirgin ƙasa, ni ina ƙofar otal ina ɗaga ƙarfe ina saukewa daga safe zuwa dare, zuciyata ko gezau. Nan dai ba su yi mini ƙarya ba, na shaida. Amma ɗaya maganar ba ta da shaida sai guda ɗaya, kuma ba a Doha take ba. Lafiyar jiki ina da ita, sai dai Malam Tanimu ya riga ya ce ba a nan gizo ke saƙa ba, iri ake kashewa, mutum na yawonsa bai sani ba. Ban gaya wa kowa a gida an yi mini aiki ba. Duk sanda Balaraba ta ce Allah ya dawo da kai lafiya sai in ji kamar na ci amanarta.

Da aka watse aka ba mu hutu, na tafi gida. Ba zan tsaya ba da labarin murna ba. Kwana kaɗan da isowata Balaraba na gyara mini jaka ta ci karo da ledar a cikin aljihun fasfo. Na shigo na tarar da ita zaune a bakin gado da abin a tafin hannu, fuska ba annuri. Ta ce wace ce ta ba ni, ko kuwa wani malami ne ya ƙulla mini, kuma a kan wa. Ka ji fa, ashe zargin ba ni kaɗai ke da shi ba. Dole na rufe ƙofa na zauna na ba ta labari tun daga faɗuwata, na nuna mata ɗan tabon, ƙanƙani kamar cizon sauro. Na gaya mata har abin da nake tsoro. Na ce in har abin nan gaskiya ne, ba zan riƙe ta ta ƙare rayuwarta ba goyo ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi dariya ba. Ta maida ledar inda ta gan ta, ta ja zif, ta ce tuwo na hucewa.

Hutu ya ƙare na dawo Lusail, ƙofar nan dai, ƙarfen nan dai. Garin ya yi shiru bayan gasa, an kwashe tutoci. Ina kiran gida, ba na tambaya, ita ma ba ta cewa komai. Na fara shirya yadda zan je in nemi Dakta Hadiza in ce ta gaya mini gaskiya tsakaninta da Allah. Malam Tanimu kuwa ya koma kallona da tausayi, har nama yake ƙara mini a miya, abin da ya fi zagi ciwo.

Wata safiya ina bakin aiki wayata ta yi ƙara. Balaraba ce, ita da ba ta kira sai na kira. Na ce lafiya, ko Inna ce? Ta ce kowa lafiya. Wata baƙar mota ta tsaya a gaban ƙarfen tana jira.

"Yaya, zaren nan yana nan?"

Na ce yana nan.

"To ka yar da shi. Ba su ɗaure komai ba." Ta sassauta murya. "Inna ta hana ni ɗaukar bokiti tun shekaranjiya."

Mai motar ya danna hon. Mudir ya leƙo daga rumfarsa yana yalla, yalla. Ni kuwa na naɗe ƙafar nan ta dama da na yi wata da watanni ina lallaɓawa, na durƙusa a kanta da duk nauyina, na kai goshina kan kwalta. Sai da na gama sujadata na tashi na ɗaga masa ƙarfen.